An gayyace ni garin 'yan Inuit a ƙurewar arewacin Kanada: in je ko in haƙura?

Bashir_Otawa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka taɓa zama ko aiki a arewacin Kanada. Ina karatu a Otawa, kuma ina da abokin karatu ɗan ƙabilar Inuit, mutumin wani gari da ake kira Pond Inlet, su kuma suna ce masa Mittimatalik, can ƙarshen tsibirin Baffin a yankin Nunavut. Ya gayyace ni in bi shi gida a watan Yuni. Ya ce lokacin ne kawunsa da sauran mafarauta ke fita bakin ƙanƙara, wato inda daskararren teku ya ƙare ruwa ya soma, su kafa tanti su kwana suna farauta.

Raina yana so ƙwarai, amma akwai abubuwan da suka tsaya mini. Kuɗin jirgin ya fi abin da nake biya in je Kano in dawo. Rana ba ta faɗuwa a can a wannan lokacin, to yaya zan yi da salla? Abincinsu fa, me ya halatta gare ni? Babbar damuwata kuma ita ce kada in zame wa mutane nauyi, ko in zama ɗan kallo da ya zo ganin yadda talakawa ke rayuwa ya ɗau hoto ya tafi. Hajiyarmu ma da na gaya mata ba ta yi na'am ba. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam Bashir, ba su ne Eskimo ɗin da aka koya mana a firamare ba, masu kwana a ɗakin ƙanƙara? A ciki za su sauke ka? Ni dai sanyin hunturun Jos ma ya ishe ni, Allah ya ba ka sa'a.

Anti_Binta_Nas:
@Ɗan_Fagge su ne, amma a Kanada ba sa son wannan sunan, Inuit suke kiran kansu, mutum ɗaya kuma Inuk. Ɗakin ƙanƙara kuwa ba wanda ke zama a cikinsa yanzu. Mafarauci yakan gina shi idan dare ko guguwa ta same shi a daji lokacin sanyi, kuma dattawa suna koya wa yara don kada sana'ar ta ɓace.

Bashir ƙanena, na yi aikin jinya na kwantiragi a garuruwan Baffin, har da wanda kake magana. Bari in gaya maka abin da za ka tarar. Gari ne na mutum kimanin 1,500, gidajen katako a kan ƙafafun ƙarfe, saboda ƙasar daskararriya ce, idan ɗumin gida ya taɓa ta sai ta narke ginin ya karkace. Babu famfon gwamnati da ya ratsa gari. Tanka ce ke kawo ruwa gida gida, wata kuma ta zo ta kwashe na masai. Saboda haka idan ka sauka gidan mutane kada ka tsaya wanka kamar kana otal, tankin yana ƙarewa, kuma gidajen a cike suke, za ka ga iyali uku a gida ɗaya. Akwai makaranta, ɗakin shan magani, coci, kantuna biyu manya, da gidan rediyon gari wanda kowa ke saurara. Babu itace ko ɗaya. Babu titin da ya haɗa garin da wani gari, duk garuruwan Nunavut 25 haka suke, sai jirgin sama. Daga Otawa za ka yi kamar awa uku zuwa Iqaluit, babban birninsu, sannan ka shiga ƙaramin jirgi ka ƙara fiye da kilomita 1,000 arewa. Ka bar kwanaki a tsakani, domin hazo ko iska na iya hana jirgi tashi, ba wanda zai ba ka haƙuri, haka rayuwar take.

Ni shawarata ka je. Akwai bambanci tsakanin wanda ɗan gida ya kawo da wanda ya sauko daga jirgin ruwan yawon buɗe ido. A 2016 wani katafaren jirgi mai suna Crystal Serenity ya tsaya a garin da fasinjoji kusan 1,000. Irin waɗannan su ne 'yan kallo. Kai baƙon gida ne.

Alhaji_Garwa:
Yaro, ni ban ga dalilin wannan tafiya ba. Kuɗin da ka ambata ya isa ka kai mahaifiyarka Umra, ko ka biya wa ƙannenka makaranta. Karatu aka tura ka. Kuma tunda Hajiya ta nuna ba ta so, magana ta ƙare. Kan teku daskararre za ka je ka kwana, idan ya tsage wa zai je ya gaya mata? Ka yi wa abokinka godiya, ka kai shi gidan abinci a Otawa, zumunci ya yi.

Ummu_Fadila:
Maganar Alhaji a kan Hajiya gaskiya ce. Sai dai "ba ta yi na'am ba" daban, "ta hana" daban. Bashir, ka zauna ka yi mata bayani a natse, ka haɗa ta da abokin naka a waya ta ga fuskarsa. Uwa abin da ba ta sani ba shi take tsoro. Idan bayan haka ta ce a'a, ka haƙura, ba za ka yi asara ba.

Malam_Idi_Damagaram:
Bismillah. Zan taɓa batun salla, sauran na bar wa masu sani.

Malam Bashir, wannan mas'ala ba sabuwa ba ce, malamai sun daɗe da yin magana a kanta. Asalinta hadisin Dujal ne da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin yini mai tsawon shekara. Sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar a cikinsa, ya ce a'a, ku ƙaddara masa gwargwadonsa. Saboda haka salloli biyar suna nan a kanka cikin kowace awa 24, ko rana ta faɗi ko ba ta faɗi ba. Inda aka yi saɓani shi ne da wane gari za ka ƙaddara. Wasu sun ce gari mafi kusa da kai wanda dare da rana ke rarrabuwa a cikinsa, wasu sun ce Makka. Tunda daga Otawa za ka tashi, kuma akwai masu ganin halaccin bin birni na kusa mai daidaitaccen lokaci, ka buga jadawalin sallar watan a takarda ka sa a aljihu, ka tsaya a kan ra'ayi ɗaya, kada ka riƙa canzawa don neman sauƙi. Kuma kai matafiyi ne a hanya, kana da rangwamen ƙasaru.

Alwala kuma, ka yi ta cikakkiya kafin ka sa huffi, sai ka riƙa shafa a kai. Idan kuna kan ƙanƙara, ruwa ya yi wuya ko kana tsoron cutuwa da shi, ka yi taimama. Abin da zai ba ka mamaki, malamanmu na Malikiyya sun ambaci ƙanƙara a cikin abubuwan da ake taimama da su, yana nan a Mukhtasar na Shehu Khalil. Mu da muka karanta wurin a zaure cikin zafin Damagaram ba mu taɓa zaton wani namu zai buƙace shi ba. Duk da haka ka ɗauki ɗan dutse mai tsarki a jakarka, ya fi kwanciyar rai, kuma ka fita daga saɓani.

Kada ka ɓoye sallarka. Ka gaya wa masu masaukinka tun farko cewa sau biyar za ka keɓe kaɗan.

Sadiq_Edmonton:
Allah ya saka wa Malam. Ƙari kaɗan: akwai masallaci a Iqaluit, an buɗe shi a 2016, idan jirginka ya kwana a can ka leƙa, za su gaya maka yadda suke yi da lokuta. Akwai wani kuma a Inuvik, can yamma, wanda aka ƙera a Winnipeg a 2010 aka ɗauko shi a mota sannan a jirgin ruwa ta kogin Mackenzie, tafiyar kilomita dubbai. Musulmin wuraren nan biyu suna raba kayan abinci ga mabuƙata ba tare da duba addini ba, shi ya sa mutanen gari ke ganin girmansu.

Alƙibla daga Pond Inlet arewa maso gabas take, ba kudu maso gabas ba kamar yadda taswira za ta sa ka zata. Kuma kada ka dogara da kamfas mai allura, a can kusa da ƙurewar arewa rikicewa yake yi. Ka duba a waya tun kana cikin gari, ka riƙe wani dutse ko tsauni a matsayin alama.

Bashir_Otawa:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya Sadiq, wannan ya sauke mini nauyi babba. Anti Binta, batun ruwa ban taɓa tunaninsa ba. Saura abinci. Abokina ya ce abin da za a fi ci a bakin ƙanƙara shi ne kifi, da naman wata dabbar ruwa da suke kira nattiq, Turawa na ce mata sil, da fatar narwal, babban kifin nan mai dogon haure ɗaya. Wani lokaci ɗanye.

Malam_Idi_Damagaram:
A mazhabarmu dabbar ruwa halal ce ko ba a yanka ta ba, saboda hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ga kuma ƙissar rundunar Abu Ubaida da suka ci daga katon kifin da teku ya jefo. Malamanmu sun ƙara da cewa hukuncin bai canzawa ko da dabbar tana daɗewa a tudu. To kifi, da sil ɗin, da narwal, ba ka da matsala da su. Hanafawa kifi kawai suka halatta, wanda ke bin su ya sani.

Abu biyu zan ja hankalinka. Na farko jini mai kwarara, ka nisance shi ko na dabbar ruwa ne, idan an yi romo da jini ka ba da haƙuri. Na biyu naman tudu, irin barewar can da suke harbi. Mashhurin mazhaba shi ne abin da aka farauto sai maharbin ya zama Musulmi, ko da yake yankan Ahlul Kitabi ya halatta. Ni da zan je, zan tsaya a kan na ruwa.

Ɗalibin_Ilimi_92:
Allah ya gafarta Malam, a kan na biyun akwai magana. Jumhurin malamai sun halatta farautar Ahlul Kitabi kamar yadda yankansu ya halatta, kuma a cikin Malikiyya ma akwai waɗanda suka tafi a kan haka. Mutanen nan kuwa yawancinsu Kiristoci ne, Angilika da Katolika. Ban ce Malam ya yi kuskure ba, mashhurin ke nan kamar yadda ya faɗa, amma kada Bashir ya ɗauka ƙofa a rufe take gaba ɗaya.

Anti_Binta_Nas:
Malamai sun yi nasu, ga na asibiti. Kifinsu, wanda ake daskarar da shi a yanka da wuƙar mata mai kamar rabin wata da suke kira ulu, lafiya lau ne, kuma yana da daɗi fiye da yadda kake zato. Fatar narwal da kitsenta, maktaaq, tauri gare ta, ka yanka ƙanana. A cikinta suke samun sinadarin da mu muke samu a lemo. Abin da zan hana ka shi ne naman walrus, wata katuwar dabbar ruwa mai haure biyu, da aka binne ya ruɓa, suna ce masa igunaq, cikinka bai saba ba, kuma ɗanyen naman walrus ko na farin beyar, katuwar dabbar dajin nan mai farin gashi da ke farauta a kan ƙanƙara, na iya ɗauke da tsutsa. Hantar beyar kuwa guba ce, su kansu ba sa ci.

A ƙasa ake ci, a shimfiɗa kwali a zube nama kowa ya sa wuƙarsa. Ba za a yi ta roƙonka ka ci ba, ba al'adarsu ba ce, kai za ka matso. Idan akwai abin da ba za ka ci ba, ka ce addininka ne ya hana, za su fahimta. Abin da ke ɓata musu rai shi ne yatsine fuska ko toshe hanci. An daɗe ana yi musu haka.

Zainab_Landan:
Ku yi haƙuri zan fito da wata magana daban. Ni abin da ya dame ni kashe dabbobin ne. Na ga hotunan yadda ake bugun jariran sil farare da kulki a kan ƙanƙara, wallahi ban iya ƙarasa kallo ba. Narwal kuma ba dabba ce mai yawa a duniya ba. Mutum ya biya kuɗi ya je ya zauna ana wannan a gabansa, ni ina ganin kamar goyon baya ne. Yanzu ai akwai kantuna, Anti ma ta faɗa.

Injiniya_Kabir:
Hajiya Zainab, tausayinki abu ne mai kyau, amma hotunan da kika gani ba na Inuit ba ne. Wancan farautar kasuwanci ce ta gabar tekun kudu maso gabashin Kanada, kuma an hana kashe fararen jariran don sayarwa tun 1987. Inuk babbar sil yake harbi da bindiga, iyalinsa su ci naman, a ba maƙwabta da tsofaffi, a ɗinka takalmi da safar hannu da fatar, karnuka su ci saura.

Ki san kuma abin da waɗannan hotunan suka jawo musu. Da Turai ta hana shigo da fatar jariran a 1983, kasuwar fata gaba ɗaya ta rushe, har da ta Inuit da ba ruwansu. Mutumin da ke sayar da fata ya sayi harsashi da mai ya ciyar da gidansa, ya wayi gari yana jiran tallafin gwamnati. A 2009 Tarayyar Turai ta sake hana kayan sil, ta ce ta ware na Inuit, amma wa zai sayi abin da aka riga aka ɓata wa suna? Ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace, wadda ta yi yaƙi da farautar sil, da kanta ta nemi gafararsu a 2014.

Batun kanti, na yi aikin gine-gine a Nunavut, na ga farashin da idona. Kaya masu nauyi jirgin ruwa ke kawowa a ɗan lokacin da teku ya narke, wanda ya rasa wannan sai baɗi. Kayan lambu, madara, 'ya'yan itace, duk ta sama suke zuwa. Gwamnati na da tallafin da ake kira Nutrition North tun 2011, duk da haka kaya kan ninka farashin kudu sau biyu ko fiye, kuma babu inda yunwa ta kai Nunavut yawa a Kanada. Mafarauci ɗaya yana ciyar da gidaje da yawa. Narwal kuma ba a harbinsa yadda aka ga dama, kowane gari da adadin da aka ware masa, ƙungiyar mafarautan gari ke raba takardar izini.

Zainab_Landan:
Na gode Injiniya, ban san an raba farautar gida biyu haka ba. Na yarda mai neman abin da zai ci ba a hana shi. Amma har yanzu ina ganin mai ci daban, mai zuwa kallo daban. Bashir ba yunwa ce za ta kai shi ba.

Tarihi_Madubi:
Tambayar Bashir ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma ba a amsa ta sai an san abin da baƙi suka yi wa mutanen nan a baya.

Kakannin abokinka ba a gari aka haife su ba. Suna zaune ne a ƙananan sansanoni, suna bin dabbobi da yanayi. A shekarun 1950 da 1960 ne gwamnati ta tattaro su cikin garuruwan da ake gani yau. Kafin nan, tun 1941, an ba kowannensu wani ɗan faifai mai lamba ya rataya a wuya, saboda jami'ai sun ce ba za su iya riƙe sunayensu ba. Mutum da lamba ake kiransa a takarda har wajen 1970. An kwashe yara zuwa makarantun kwana inda aka hana su yarensu, aka ci zarafin da yawa. Wannan ne ya kai Paparoma Francis Iqaluit a watan Yulin 2022 ya nemi gafara. Lokacin tarin fuka, jirgin ruwan gwamnati mai suna C.D. Howe yakan zo a duba mutane, wanda aka samu da cutar a wuce da shi kudu, wani ko sallama da iyalinsa bai yi ba. Da yawa sun mutu a can, 'yan'uwansu ba su san inda kabarinsu yake ba. Firaministan wancan lokaci, Justin Trudeau, ya nemi gafarar wannan a 2019.

Garin da za ka je ma yana cikin wani labarin. A 1953 da 1955 gwamnati ta ɗebi iyalai daga Inukjuak a arewacin Kebek ta kai su Resolute da yankin Grise Fiord, kusan kilomita 2,000 arewa, inda ake wata da watanni ba a ga rana ba. Ta haɗa da wasu iyalai daga Pond Inlet don su koya musu zama a wurin. An yi musu alkawarin wanda ba ya so zai koma bayan shekara biyu, ba a cika ba. Sun sha yunwa da sanyi a tanti. Sai a watan Agustan 2010 gwamnati ta ba da haƙuri. Ga kuma karnukan jan kaya da 'yan sanda suka harbe da gangan don a hana mutane komawa daji.

Duk da haka mutanen nan suka zauna teburin shawara shekara da shekaru har suka sami yankinsu, Nunavut, ranar 1 ga Afrilun 1999, ƙasar da ta ninka Najeriya sau biyu a faɗi, mutanenta ba su kai 40,000 ba a ƙidayar 2021. A 2021 ɗin kuma 'yar Inuit, Mary Simon, ta zama Gwamna Janar ta Kanada. Idan ka je, kada ka tone wa dattijo waɗannan raunuka da tambaya. In ya ga dama zai faɗa, kai dai ka saurara.

Injiniya_Kabir:
@Tarihi_Madubi gyara kaɗan a batun karnuka. Cewa an kashe su da yawa ba a musu, kuma gwamnati ta nemi gafara a 2019 bayan binciken hukumar gaskiya ta Qikiqtani, wadda ƙungiyar Inuit na yankin Baffin ta kafa. Amma 'yan sandan sun fitar da nasu rahoton a 2006 suna musanta cewa shiri ne na musamman, ita ma hukumar ba ta ce maƙarƙashiya ce aka ƙulla ba, ta ce dokoki ne aka ɗora wa mutane ba tare da an fahimci rayuwarsu ba. Ga wanda aka kashe wa karnuka dai sakamakon ɗaya ne, ya rasa abin hawansa da hanyar abincinsa.

Rabi_Kumasi:
Subhanallah, wannan tarihi ya taɓa ni. Anti Binta, su mutanen yaya halinsu yake da baƙo, musamman baƙar fata? Kada yaro ya je a riƙa nuna shi.

Anti_Binta_Nas:
Rabi 'yar'uwa, yara za su kewaye shi, wasu su so taɓa gashinsa, iyakarta ke nan a abin da na gani. Akwai 'yan Afirka da ke aiki a Iqaluit da yawa, ba baƙon abu ba ne. Manya kuwa masu kawaici ne, ba su da yawan magana. Mutum zai shigo gida ba ƙwanƙwasa ƙofa, ya cire takalmi, ya zuba shayi, ya zauna shiru, ya tashi ya tafi, kuma ziyara ta yi. Idan ka yi tambaya ka ga an ɗaga gira, an ce e ke nan. Idan an tattare hanci, a'a ne. Kada ka tsaya jiran amsa da baki.

Abin da ya fi shiga raina shi ne sunaye. Ana sa wa jariri sunan wanda ya rasu, sai dangi su riƙa kiransa da matsayin mamacin. Na ga tsohuwa tana kiran 'yar jaririya "mahaifiyata", tana yi mata magana da ladabi. Nan take na tuna yadda muke sa wa yaro sunan kakansa mu koma kiransa Abba ko Ummi, uwar ma ba ta iya faɗar sunan. Da na gaya musu muna da irin wannan, hira ta buɗe.

Abu ɗaya kuma a matsayina na ma'aikaciyar lafiya: tarin fuka bai bar yankin ba, an ayyana ɓarkewarsa a Pond Inlet a 2023, cunkoson gidaje ne ke ruruta shi. Kada ka je da mura ko tari ka kai wa tsofaffi, kuma idan ka dawo ka je a duba ka.

Ɗan_Fagge:
To tunda masu cin nama ne, ka kai musu kilishi da yaji mana. Baƙo ba ya zuwa hannu rabbana.

Sadiq_Edmonton:
Shawara mai kyau, su ma suna busar da nama da kifi, za su gane shi. Amma a yi shi a nan Kanada, an hana shigo da nama daga gida, kada a sa wani ya ɗauko a kama shi a filin jirgi. Ka cika jaka da lemo, tuffa, dabino, shayi da kofi. Mafi muhimmanci, ka ba kawun kuɗin mai. Babur ɗin ƙanƙara yana shan mai, ga harsashi, ga gyara. Ka ba abokinka ya miƙa ta hanyar da ba za a ji kunya ba. Idan za ka sayi sassaƙa ko safar hannu, ka saya hannun mai yi, kada ka yi ciniki kamar kana Kurmi. Kuma ka sani Amurka ta hana shiga da kayan fatar sil da haure, in kana da niyyar bi ta can.

Injiniya_Kabir:
Bari in koma kan tsoron Alhaji, domin ba tsoron banza ba ne. Za a ɗora ka a qamutiik, wani dogon amalanke marar taya da babur ke ja, ku yi sa'o'i kuna tafiya a kan teku, kuna tsallake tsagogi. Bakin ƙanƙara yakan ɓalle ya tafi da mutane, ya faru, har sai da jirgi ya je ceto. Dattawa da kansu suna cewa ƙanƙarar ba ta karantuwa kamar da, kuma masana sun nuna yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Farin beyar ma a nan yake farauta. Dokar ɗaya ce: inda kawun ya taka nan za ka taka, in ya ce a tashi, ko kana tsakiyar cin abinci ka tashi. Kada ka yi nisa da tanti kai kaɗai, ko don salla ko don kama ruwa, ka faɗa a raka ka da bindiga. Ka nemi baƙin tabarau mai kyau, hasken rana a kan ƙanƙara yana ƙona ido, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa. Kayan sanyin Otawa ba za su isa a kan amalanken ba, ka karɓi aron nasu.

Za ka ji ana maganar ma'adinin ƙarfe na Mary River. Jiragen dakonsa ta ruwan da narwal ke haihuwa suke bi. A Fabrairun 2021 mafarauta suka tare filin jirgin kamfanin, a Nuwamban 2022 kuma gwamnati ta ƙi amincewa da faɗaɗa aikin. Wasu 'yan garin a can suke aiki, wasu suna adawa, wani lokaci a gida ɗaya. Kada ka ɗauki ɓangare.

Alhaji_Garwa:
To kun ji da bakin Injiniya. Ƙanƙara na ɓallewa, dabba na cin mutum, ga tarin fuka. Ni duk bayanan nan ƙara mini ƙarfi suka yi. Ban ce mutanen ba na kirki ba ne, Allah ya saka musu zaluncin da aka yi musu. Amma ɗan mutane da aka tura neman ilimi ba shi da hurumin kai kansa wurin haɗari da kuɗin da gida ke buƙata. In ya gama karatu ya kama aiki, ya je da kuɗinsa.

Bashir_Otawa:
Baba Alhaji na ji, kuma ban raina maganarka ba. Kuɗin daga aikin da nake yi bayan darasi na tara, amma gaskiya ne gida na da buƙata.

Na kira abokina jiya na karanta masa wasu daga cikin abin da kuka rubuta. Batun zama nauyi, ya ce kakarsa ce ma ta ce a zo da ni, domin tana so ta ga wanda jikanta ke cin abinci a ɗakinsa a Otawa. Ya ce hannu ake buƙata a sansani, akwai ɗaukar kaya, sara ƙanƙarar shayi, jan nama, ba zama zan yi ba. Batun hoto ya roƙe ni abu ɗaya, kada in sa hoton fiɗa ko na jini a Facebook, saboda zagin da ake yi musu daga waje. Anti Zainab, na gaya masa damuwarki, ya ce in na ga ba zan iya kallo ba in zauna a gari wurin kakarsa, ba wanda zai ga laifina.

Mun shirya zai gaisa da Hajiya ranar Juma'a ta bidiyo, kamar yadda Ummu Fadila ta ce. Ban sayi tikiti ba tukuna.

Ummu_Fadila:
Madalla. Ka sa kakar ma ta leƙo a wayar in zai yiwu, ko ba su ji yaren juna ba. Ka kuma yi istihara.

Zainab_Landan:
Zama wurin kakar ya fi kwanta mini. Amma Anti Binta, tunda kin ce iyali uku ke gida ɗaya, ina zai kwana ba tare da an tashi wani daga gadonsa ba? Akwai masauki a garin da zai iya biya, ko yin hakan zai zama kamar ya ƙi karamcinsu?

Anti_Binta_Nas:
Akwai ɗan otal na ƙungiyar haɗin gwiwar garin, amma da tsada sosai, kuma a watan Yuni ma'aikata da masu yawon buɗe ido sukan cika shi. Bashir, wannan abokinka za ka tambaya kai tsaye, ka ce masa ya gaya maka gaskiya mutum nawa ke kwana a gidan. Ka tafi da jakar barcinka ko yaya aka yi.